Zauren da Na Yi wa Jere

Gidan da muke haya a unguwar Sersuf, cikin garin Tamanrasset, ba shi da zaure. Wanda ya gina shi Balarabe ne, kuma irin nasu ya gina: ƙofar ƙarfe a bakin titi, in ka tura ta sai wani ɗan lungu mai rufi, daga nan sai tsakar gida. Faɗin lungun bai wuce tabarma ɗaya da ɗan saura ba, tsawonsa kamar tabarma biyu. Ƙofar waje da ta ciki suna kallon juna, saboda haka in yaro ya fita ya bar ƙofa buɗe, mai wucewa a titi yana iya ganin abin da nake tuƙawa. A garinmu, can wajen Damagaram, ba a gina zaure haka. Ana karkatar da ƙofofin, baƙo ya zauna ya sha inuwa, bai ga matan gida ba, su ma ba su gan shi ba.

Shekarun farko ban ɗauki lungun a bakin komai ba. Wurin ajiye duk abin da ba shi da wuri ne. Jarkokin ruwa, tukwanen gas, takalman yara, shebur, igiya, ragowar buhun siminti da ya daskare ya zama dutse. Sai kuma jakunkunan mutane. Maigidana magini ne, ya daɗe a Tamanrasset, duk saurayin da ya taso daga gida neman aiki sai an kwatanta masa shi. Wanda zai wuce arewa yakan bar jakarsa wurinmu ya ce sai ya dawo. Wasu sun dawo sun ɗauka. Wasu har yau. In za ka shiga gidanmu a lokacin, sai ka karkata kafaɗa.

Malam bai taɓa buƙatar zaure ba, don ba ya zama gida. Daga wurin aiki sai masallaci, bayan la'asar kuma suna da wurin zamansu a gindin wani shago, shi da abokan sana'arsa, suna shayi suna gardama. Ni dai sautin labarin nake samu in ya dawo.

Wata ranar aiki katakon da yake tsaye a kai ya zame, ya faɗo daga bene, ƙugunsa ya karye. Ya yi zaman asibiti, aka sallamo shi, aka kwantar da shi a ɗakinmu. Likita ya ce zai tashi, amma ba da wuri ba.

Da farko mutane sun yi ta zuwa dubiya. Sai dai duk wanda zai gan shi dole ya ratsa tsakar gida. Da an yi sallama, ni da babbar ƴata mu bar abin da muke yi mu shige madafa mu ja ƙofa. Wani lokaci wanki na cikin baho, wani lokaci tuwo na kan wuta a waje. Mazan nan masu kunya ne, sun lura. Sai suka fara tsayawa a bakin titi, su aiko yara su ce a gaida mai jiki. Ba wanda ya yi da mugun nufi. Namiji ba ya son ya riƙa korar matar wani daga tsakar gidanta kullum.

Ni ce nake ganin abin da hakan ya yi masa. In na ce masa wane yana gaishe ka, ya ce yana amsawa. Daga baya ya daina tambayar wane ne. Rediyonsa da ba ya rabuwa da ita ta koma ƙarƙashin matashi. Yakan juya fuska bango tun hantsi, ba barci yake ba, ina jin numfashinsa. Ƙashin yana haɗewa yadda likita ya ce, amma mutumin da na sani yana ta raguwa. Wannan ya fi karayar ba ni tsoro.

Wata safiya ina shara na tsaya a lungun da tsintsiya a hannu, na dube shi daga ƙofa zuwa ƙofa. Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa.

Na ce, "Malam, da mun kwashe kayan lungun nan, ai sai ya zama zaure. Ka riƙa fita kana ganin mutane."

Ya ce, "Yadda kika gani."

"Jakunkunan fa?"

Nan ne kawai ya juyo. Ya ce, "Amana ce. Kada ɗaya ta bar gidan nan."

Ƙanensa, wanda shi ma gini yake yi, ya zo ya kafa ƙarafa a bango can sama da tsayin mutum, ya ɗora katako mai faɗi, muka jera jakunkunan a kai muka rufe da leda. Jarkoki suka koma gefen madafa, kayan aiki suka hau rufin gida. Ƙofar ƙarfen kuwa ciki take buɗewa, tana cinye rabin wurin. Na aika aka tambayi mai gidan haya, ya ce in dai ba za a fasa bango ba, mu yi. Wani mai walda, abokin Malam, ya zo ya juya ta ta koma buɗewa waje. Da aka gama wannan, ƙanen Malam ya samu aikin katangar garka a Mertutek, wani ƙauye mai nisa, ya tafi. Saura ya rage mini ni da ƴata.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da kwanonina. Tun da muka zo garin nan jerena yana cikin kwali a ƙarƙashin gado. Ɗakuna biyu ne kawai, namu da na yara, ba bangon da ya rage. Kwanonin da aka kawo ni da su, masu jan fure da masu shuɗi, da kwalla uku, da farantan tangaran da na riƙa saye ɗaya-ɗaya a kasuwa, duk suna naɗe cikin tsofaffin zannuwa. Da na ga lungun nan ya zama fili, bango biyu fes ba komai a jikinsu, sai zuciyata ta tafi wurin kwalin. A ganina, wurin da za a karɓi baƙi ya cancanci mafi kyawun abin da gida ya mallaka.

Muka shafe bangon da farar ƙasa, muka ja shuɗin fenti daga ƙasa zuwa ƙugu. Ƴata ta fi ni hannu, ita ta ja layin, ya fita sambal. Na sa aka kafa ƴan katakai uku a bangon dama, na shimfiɗa musu ƙyalle mai zubi, na jera kwanonin, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowane murfi na jingine shi yadda furensa zai fito. Na rataya madubi a tsakiya. Ƙofar ciki na sa mata labule mai ruwan hoda da ƴan duwatsu masu walƙiya. Na shimfiɗa darduma mai laushi wadda na aro kuɗin adashi na saya, na ajiye matasai masu gezar zare. A kusurwa na sa furen roba a cikin kwalba, da kaskon turaren wuta.

Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Maƙwabciyata, wata Buzuwa ƴar Agadas da muke shiri, ta tsaya ta riƙe haɓa ta ce ko gidan biki sai haka. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ban ga kwanonina a fili ba.

Ranar Juma'a muka tallafo Malam, ni ta nan ƴata ta can, muka zaunar da shi a kan dardumar, muka tokare masa baya da matasai. Na riga na sa turare tun safe. Ya ɗaga kai ya bi katakan da kallo, ya dubi madubin, ya dubi labulen. Ya ce, "Sannunku da aiki." Na aika yara su faɗa a masallaci cewa Malam ya fito zaure.

Bayan an sauko suka zo. Ina bayan labule ina ji, ina kuma leƙe ta gefe. Na farko wani dattijo ne, shugaban ƴan garinmu a unguwar. Ya yi sallama, ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya janye ta. Ya tuɓe takalmansa a titi, ya tsuguna a kan dokin ƙofa, ya miƙo hannu daga nan. Sauran suka tsugunna bayansa a rana. Malam ya ce su shigo mana. Suka ce nan ma ya isa. Aka gaisa, aka yi addu'a, kowa idonsa na ƙasa. Shayin da na ɗora bai ma tafasa ba suka ce za su koma.

Na ce a raina ranar farko ce. Washegari mutum biyu suka zo, su ma a bakin ƙofa. Bayan nan sai ɗaya, sai kuma ranar da ba kowa. Malam yana zaune shi kaɗai tsakanin kwanoni, ƙofa buɗe, mutane na wucewa suna ɗaga masa hannu daga tsallaken titi. Ni kuwa na ɗauka wani abu ne ya rage. Na ƙara furanni. Na sake wa matasan riguna. Na canza turaren da wanda ya fi shi ƙamshi.

Wata rana da hantsi na zo tallafa shi, ya ce, "Bar ni a ɗaki yau. Iskar wurin tana sa mini ciwo." Lokacin zafi ne, babu wata iska. Na bar shi. Gobe ma haka ya ce, jibi ma haka. Ya koma wa bangonsa.

Ana cikin haka ƙanensa ya dawo daga Mertutek da ƙullin ɓaure a hannu. Shi ƙanen miji ne, yana shiga ko'ina, kuma tsakanina da shi ba a rasa tsiya. Na ji ya ja ƙofa, sai shiru. Can ya yi sallama da ƙarfi kamar baƙo.

Na ɗaga labule na ce, "Shigo mana. Kai ma baƙunta za ka yi mana?"

Ya ce, "Matar yaya, wa aka aurar a gidan nan ba a gayyace ni ba?"

"Zauren yayanka ne."

"Wannan?" Ya juya a hankali yana kallo. "To ina gadon? Gado kawai ya rage."

Na ce, "Kai ina ka san abu mai kyau, mutumin da ke kwana kan buhun siminti."

"Kyau kam ya yi kyau. Ni ma da kika gan ni, sai da na duba ƙafata kafin in taka." Ya ɗaga ƙafar ya nuna mini, fari fat da ƙura, diddige duk faso. "Ki dubi wannan. Duk abokan yaya irin ƙafarsu ke nan. Wa zai ɗora ta a kan dardumar nan? In shayi ya zube fa? In mutum yana son ya tofar da yawu, ko ya miƙe ƙafa, ko ya jingina da rigar aiki?"

"Ai wankewa ake yi."

"Ba wankin ba ne." Ya sassauta murya, ya ajiye ɓauren a kan katako. "Jere fa na ɗakin mace ne. Namiji ya ɗaga ido ya ga kwanoninki, ya ga madubinki, ya ji turarenki, ai a ransa ɗakinki ya shigo. Tsakar gida ma suka ji nauyin ratsawa, balle wannan. Mai walda da na haɗu da shi a hanya ya ce mini tsugunnon da ya yi a bakin ƙofa kaɗai, da ya koma gida sai da matarsa ta shinshina rigarsa ta tambaye shi inda ya je."

Na yi dariya, don abin dariya ne. Amma na tsaya ina kallon katakan nan uku, na tuna zauren mahaifina. Ba komai a cikinsa sai yashi, da buzu, da buta, da sandarsa a jingine. Na share shi ba adadi ina yarinya. Ban taɓa ganin abin mace ko ɗaya a ciki ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Da la'asar na kai wa Malam kunu, na zauna.

Na ce, "Malam, ka san abin da ya hana su shiga?"

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na ga madubin."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya ɗan jima yana juya ludayi a cikin kwano. Ya ce, "Ranar da kuka fito da ni akwai shuɗin fenti a girarki. Na ga kin sha wahala. Kuma kwanonin sun daɗe a kwali."

Na jira ya sha abin da zai sha, na ɗauke kwanon.

Da safe na ɗauko kwalin. Ƴata ta tsaya da hannu a ƙugu ta ce, "Inna, duk wahalar nan?" Na ce ta riƙe mini zanen in naɗe. Kowane kwano na goge shi kafin in mayar. Ban yi sauri ba. Kwalla ɗaya da faranti biyu na bari a waje, na samar musu ɗan wuri a madafa saman gishiri. Madubin ya koma ɗakin yara, dardumar ta shiga ɗakinmu, furen roba na ba maƙwabciyata. Ita kuma da ta ji labarin ta yi dariya har da hawaye, ta shiga gida ta fito mini da asabari irin nasu na Buzaye, saƙar kara da jan fata, ya ɗan tsufa. Ta ce in rataya a ƙofar ciki maimakon labulen. Iska na wucewa ta cikinsa, ido ba ya wucewa.

Ƙanen Malam ya cire katakan jeren ya toshe ramukan. Ya je ƙori, busasshen rafin nan, ya ɗebo yashi, muka tankaɗe shi, muka zuba a kan simintin har ya rufe. Na shimfiɗa tsohuwar tabarma a gefe guda, na sa katifar Malam siririya a jikin bango inda zai ga titi. Buta biyu a bakin ƙofa. Ƙusoshi a bango don rataye hula da carbi. Ɗan murhun gawayi na shayi a kusurwar da furen yake. Na ce ko a goge shuɗin fentin ma, ƙanen ya ce in bar shi, jinginar mutane za ta gama da shi.

Malam bai yarda ya fito nan da nan ba. Sai da ƙanensa ya shiga ya ce shi fa ba zai sha shayi shi kaɗai a gidan yayansa ba, ko ya fito ko a ɗauko shi kamar buhu. Ya fito.

Mutane ma ba su zo nan da nan ba, labarin kwanonin ya riga ya zaga. Ƙanen ya buɗe ƙofa har bango, ya hura gawayi a bakinta, ya zauna yana ɗaga buta sama yana zuba shayi yadda duk mai wucewa zai gani. Mai walda ne ya fara tsayawa. Ya leƙo, ya dubi bango, ya dubi ƙasa.

Ya ce, "An yi gwanjo ne?"

Malam ya ce, "An yi. Kai kaɗai aka rasa mai saye."

Wannan ce magana mai tsawo ta farko da na ji daga bakinsa ga wani tun da ya kwanta. Mai walda ya shigo, ya zube a yashi, ya miƙe ƙafafunsa har suna taɓa ɗaya bangon.

Daga nan abin ya tafi a hankali. Dattijon nan ya dawo, ya shiga, ya zaɓi wurinsa kusa da buta, har yau nan yake zama. Kwanakin farko da muryar dubiya suke yi masa magana, ƙasa-ƙasa, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ban san ranar da suka daina ba. Na dai tuna wata la'asar ina tsintar shinkafa a bayan asabari, na ji gardama ta kaure a kan matakalar wani bene da ake ginawa a hanyar Tit. Wani ya ce ta dama za a ɗora ta, Malam ya ce duk wanda ya ɗora ta nan zai toshe taga. Na leƙa ta tsakanin karan. Ya karkata a kan gwiwar hannu, ya share yashin gabansa da tafi, yana zana gidan da yatsa. Wani ya sa nasa yatsan ya gyara, Malam ya buge hannun ya ce bai iya ba. Ba wanda ya tuna ya tausaya masa.

Malam bai sake hawa bene ba. Yanzu yana tafiya da sanda har masallaci, yana kuma zuwa wuraren aiki ya tsaya daga ƙasa yana nuni. Amma zaman la'asar bai koma gindin shago ba, a lungunmu ya tsaya. Shuɗin fentin ya dushe daidai inda kafaɗu ke jingina, sama da shi kuma akwai tabon kawuna a jere. Kullum da safe nakan share ganyen shayi da toka da ƙwallon dabino, in daidaita yashin, in cika butoci.

Abin da ban yi tunani ba tun farko shi ne gidan ƙofarsa ɗaya ce. In ina son fita bayan la'asar, dole ta cikinsu zan bi. Sai in sa mayafi, in ɗauki kwandona, in tsaya bayan asabari in yi gyaran murya. In sun ji, Malam ya ce a ba da hanya, kowa ya naɗe ƙafa ya sunkuyar da kai, in wuce. Sau da yawa ba sa ji, muryarsa ta rufe tawa. Sai in ajiye kwandon in nemi kujera in zauna, in jira ya kai ƙarshen maganarsa.